Kwano Mai Faifai

A gidanmu, wani ƙauye kusa da Tajaye, maza akushi ɗaya suke ci. Baƙin akushi ne na icce, ya taɓa tsagewa aka ɗaure tsagar da ƙarfe. Ana ajiye shi a gindin rumbu, inda inuwa take daɗewa, mu kewaye shi: Baba, da ƙanensa, da wana, sai ni. Da yake ni ne ƙarami, aikina in riƙe bakin akushin da hannun hagu kada ya yi rawa, kuma ni ke tashi ƙarshe bayan na suɗe. Doka ɗaya ce, kowa ya ci na gabansa. Ni kuwa Allah ya yi ni da dogon hannu, miya kuma, ban san dalili ba, kullum gaban wana take taruwa. Da na miƙa sai in ji ɗau a bayan hannu.

"Ci na gabanka, ɗan banza."

Ko kai ba ya ɗagawa in zai faɗa. Na sha wannan dukan har na gode Allah. Ina cin tuwo ina haɗiye haushi, ina rantsuwa a zuci cewa in na girma sai na samu kwano nawa ni kaɗai, in ci ta inda na ga dama.

An sa ni lakwal, wato makarantar boko, a Illela, daga nan Tawa, daga nan Yamai, amma duk wannan bai taɓa akushin ba. Hutu na zuwa in tuɓe wandon lakwal, in ɗauki kalme in bi bayan wana zuwa gona, da maraice in riƙe bakin akushi in sha dukana. Abin bai sake ba sai da gwamnati ta ba ni burs, wato kuɗin karatu, ta tura ni jami'a a Abijan in karanta tattalin arziki, don a lokacin ba a koyar da shi a gida.

Mu uku muka haɗu can daga yankinmu. Akwai ɗan Konni, ɗan wani falke, mai baki kamar rediyo, wanda tun yana yaro yake ƙetara iyaka da babansa zuwa kasuwannin ƙasar Sakkwato. Akwai ɗan Malbaza, dogo, marar magana, mai ƙwaƙwalwar lissafi. Sai ni, da ba ni da baki ba ni da lissafi, sai naci. Ɗakunanmu suna jere, amma a ɗakin ɗan Malbaza muke yini, don shi ne mai risho.

Karatun kuwa ba wasa. Da safe mu cika babban ɗakin lacca, wani Bature ya juya mana baya yana zana layuka biyu a allo, ɗaya na hawa ɗaya na sauka, ya ce inda suka gamu nan farashi yake. Ɗan Konni ya raɗa mini cewa a kai mutumin nan kasuwar Konni ranar Laraba ya nuna mana inda layukan suke. Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne lissafi da ƙididdiga, su ke kayar da mutane. Wanda ya faɗi jarabawar ƙarshen shekara sai ya sake ta bayan hutu, wanda ya sake faɗuwa kuma burs ɗinsa na cikin haɗari, in burs ta tafi kuwa sai gida. Ɗan Malbaza ne ya ɗauke mu a wuyansa. Ya zaunar da mu a bakin gado ya yi ta maimaita abu ɗaya, in na kasa ganewa ya dube ni kawai ya sake farawa, wannan kallon kuma ya fi zagi ciwo.

In mun gaji da takardu sai gardama. Mun gyara ƙasarmu a ɗakin nan ban san sau nawa ba. Mu yi ta musu a kan gyaɗa da auduga, da ko ya kamata mu ci gaba da kuɗin sefa ko mu buga namu, da abin da za a yi da ma'adinin da aka fara haƙa a arewa. Ɗan Konni ya ce shi duwan zai shiga, wato aikin kwastan, don a nan ake ganin arziki da ido. Ɗan Malbaza yana son buro, wato aikin ofis, a masana'antar siminti ta garinsu, ya riƙa kwana a gidansu. Ni na ce ma'aikatar tsare-tsare zan tafi, in sa a yi rijiya da rumbun tsimi a kowane ƙauyen Adar. Suka ce to ranka ya daɗe, kafin nan tashi ka wanke tukunya.

Abincin ɗakin cin abinci na jami'a bai taɓa kama cikinmu ba. Acake ne, wato dambun rogo, da kifi, da shinkafa mai romo kamar ruwan wanka, ga Abijan ɗin da ɗanshi, ko riga ba ta bushewa. Abin da ya riƙe mu shi ne mutanenmu 'yan cin rani. Ba ka rasa ɗan Adar a Abijan, wani na tallar kaya, wani na gadi, wani na tura kura. In sabon zuwa ya iso, akwai ƙunshi daga uwar ɗayanmu: gumba, ko ƙuli-ƙuli, ko busasshiyar kuka da daudawa. Ranar nan sai tuwo. Mu tuƙa shi a kan risho, mu juye a faranti ɗaya, mu auka masa. Babu babba babu ƙarami, babu gabanka babu gabana, wawaso ne tsagwaronsa, wanda ya tsaya fifita loma ya tashi da yunwa. A nan dogon hannuna ya samu filinsa.

Ina ci ina dariya, amma raina na gindin rumbu. Ina kewar gida ƙwarai, kewa irin wadda take hana mutum gane abin da yake karantawa. In rufe ido in ga Baba yana gyara zama, in ji ƙamshin miyar Inna, in ji tsiyar matar wana. Ita abokiyar wasata ce, kamar yadda aka saba tsakanin mace da ƙanen mijinta, ba ta taɓa wuce ni ba ta ce mini raggo ko mai kan tulu ba. Har dukan bayan hannun nan na riƙa marmari, wallahi.

Da babban hutu na farko ya zo aka ɗora mu a jirgi zuwa Yamai, daga nan babbar mota zuwa Konni. A tashar Konni muka rabu, kowa ya nemi motar garinsu. Na sauka Tajaye, na ƙarasa da ƙafa, gero ya kai gwiwa, ƙasa na ƙamshin ruwa. Ina tafe ina shirya baƙar maganar da zan mayar wa matar wana.

Ban samu damar faɗa ba. Na tarar an share mini ɗaki ni kaɗai, an aro kujera daga wurin malamin lakwal na Tajaye an ajiye a ƙofa. Wana ya karɓi akwatina da hannu biyu, ya ce, "Sannu da zuwa, Mushe." Haka ake kiran malaman lakwal da ma'aikatan buro. Na yi dariya, na zaci tsiya ce, na duba fuskarsa na ga ba wasa a ciki. Da maraice ina shirin nufar gindin rumbu sai ga matar wana. Ta durƙusa har ƙasa, ta ajiye mini kwano mai furanni daga cikin kayan ɗakinta, an rufe shi da sabon faifai, ga cokali a kai. Na ce mata ke, mene ne haka, yau ba raggo? Ta sunkuyar da kai ta ce a ci lafiya, ta tashi.

Na ɗauki kwanon na nufi wurin Baba. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce mutumin da gwamnati ta sa a jirgin sama ba ya tsugunawa a ƙasa yana riƙe bakin akushi. Na je wurin Inna, ta ce in rufa musu asiri, kada gari ya ce ba su san darajar abin da Allah ya ba su ba. Da safe na ɗauki kalme, wana ya zare shi daga hannuna a hankali, ya ce hannun alƙalami ne, kada ya yi kanta. Na yi fushi, na yi magiya, na ce ni fa ɗalibi ne, ko aikin ban fara ba, jarabawa ma da ƙyar na haye. Duk a banza. Su a wurinsu girmamawa ce, iyakar abin da suke da shi ke nan suka ba ni, kuma ba yadda za ka yi faɗa da wanda ya durƙusa maka.

Haka na yi hutun a kan kujera. Tsofaffi su zo gaisuwa, su tambaye ni mene ne wannan karatu nawa. In ce ana koya mana yadda dukiyar ƙasa take shiga da fita, su gyaɗa kai su ce Allah ya sa albarka. Lokacin cin abinci kuwa, ina jin su ta bayan darni. Ina jin ƙarar akushi a ƙasa, da bismillar Baba, da tarin ƙanensa. Wani lokaci su yi dariya, ban san abin da aka faɗa ba. Ni ga ni da kwano cike da tuwo, miya ta ko'ina, in ci ta inda na ga dama, ba mai duka. Ban taɓa cinye shi ba.

Da muka koma Abijan na ba abokaina labari. Ɗan Konni ya yi dariya har da hawaye. Ya ce shi ma haka aka yi masa, kuma ya ji daɗinsa, har ƙari ya nema. Ya ce ai kai jarin gidanku ne, wa ya taɓa barin jarinsa a rana? Ɗan Malbaza bai yi dariya ba. Yana fere fensir ya ce shi uwarsa ta daina aikensa, ko ruwa ba ta cewa ya miƙo mata. Muka buɗe littafin ƙididdiga.

Hutu na biyu ma haka. Har na fara sabawa, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

Sai shekarun da ruwa ya ƙi. Mun fara gani ne a Abijan, don 'yan cin rani sun riƙa zuwa ba a lokacinsu ba, har da dattawan da ba su taɓa barin gida ba, ƙunshin gumba kuma ya daina zuwa. In ka tambayi mutum labarin gida ya ce kowa lafiya, sai godiya. A aji malamin ya ɗauki ƙasashenmu ya yi misali da su. Ya zana layukansa, ya ja ɗaya baya, ya nuna yadda farashin hatsi ke tashi na dabbobi ke faɗuwa. Bayanin daidai ne, ban ga kuskure a ciki ba, na kuma rubuta shi tsaf don zai fito a jarabawa. Mu uku muka daina gardamar gyara ƙasa, muka rage sayen komai, kowa yana tara abin da zai riƙa a hannu in hutu ya zo.

A Konni na sayi buhun dawa, ɗan Konni ya taimake ni ciniki wurin wani abokin babansa. A hanya na ga abin da ban taɓa gani ba. An yi shuka, ta fito, amma gonaki da yawa ba mai nome su. Buzaye da Fulani sun yi zango a bakin hanya ba dabba ko ɗaya. Na isa gida na tarar garken Baba saura akuya biyu, wana ya rame har wuyansa ya yi tsawo. Ya karɓi akwatina da hannu biyu, ya yi mini sannu da zuwa. Baba ya sa wa buhun albarka, kafin magariba ya raba fiye da rabinsa ga gidajen dangi da maƙwabta.

Kujera na nan. Kwano mai faifai ma ya zo, da tuwon gero, ba na dawa ba. Na tambayi Inna, ta ce in ci abina, alhamdu lillahi suna da abin da ya samu. Na so in yarda, na kuwa yarda na ɗan lokaci.

Turmi ne ya fara ba ni labari. Na tashi da ƙarar daka a gidan nan, na san tsawon sussuka da surfe na abincin gida guda. Yanzu sai in ji an ɗan buga kaɗan an daina, dakan da bai wuce na mutum ɗaya ba. Sannan ga wasu tukwane a bayan ɗakin Inna, kullum matar wana tana tsiyaye ruwansu tana zuba sabo. Inda take zubar da ruwan ko akuya ba ta sunsunawa. Na tambaye ta, ta ce jiƙo ne na mata. Dariyar bayan darni kuma ta ɗauke. Ina jin an ajiye akushi, ina jin bismilla, daga nan shiru.

Wata rana da azahar, da matar wana ta ajiye mini kwano ta juya, na ɗauke shi na bi bayanta. Na miƙa wa Inna na ce a ba yara. Ta buɗe baki za ta yi magana, ban tsaya ba, na zaga darnin.

Suna nan su uku a gindin rumbun da ba komai cikinsa. A cikin akushi anza ce. 'Ya'yan wani icce ne na daji, masu ɗacin da ba a iya kai su baki sai an jiƙa su kwana da kwanaki ana sake ruwa, sannan a dafa. Na san ta, muna yara muna jifan juna da ita, kuma na ji tsofaffi na cewa an ci ta a yunwar da. Ban taɓa ganin ta a akushinmu ba. An ɗan barbaɗa mata gishiri da garin ƙuli, shi ma a tsakiya kawai.

Baba ya dube ni ya kau da kai. Kunya ce na gani a fuskarsa. Wana ya yi yunƙurin rufe akushin da hannu.

"Mushe, koma ka zamna. Wanga ba abincinka ba na."

Na wanke hannu a ƙwaryar da ke gefe, na tsuguna a wurina na da, tsakanin wana da ƙanen Baba, na kama bakin akushin da hannun hagu. Yatsana ya faɗa daidai kan ƙarfen ɗaurin nan. Can Baba ya sake yin bismilla, ya sa hannu, muka bi.

Kai, anza da ɗaci. Duk jiƙon da aka yi mata, ɗacin na nan a maƙale, yana kama harshe yana sauka har maƙogwaro. Na haɗiye ta farko da ƙyar, na haɗiye ta biyu. Idona ya hango inda garin ƙulin ya fi taruwa, kuma ina zai taru in ba gaban wana ba. Ban yi tunani ba, na rantse. Hannun da ya saba wawaso a ɗakin ɗan Malbaza shi ya tafi da kansa.

Ɗau!

"Ci na gabanka, ɗan banza."

Ya faɗa kafin ya san ya faɗa. Sai ya tsaya da hannu a sama, ido waje, kamar wanda ya mari jandarma. Ƙanen Baba ne ya fara, dariya ta ƙwace masa har ya ƙware. Baba ya sunkuyar da kai kafaɗunsa na rawa. Ta bayan darni na ji muryar matar wana tana cewa a ƙara masa, raggo mai kan tulu, ya zo zai cinye wa mutane abinci. Ni kuwa ina dariya hawaye na zuba, na ce ɗacin anza ne, suka bar ni a haka. Ni na tashi ƙarshe, na suɗe akushin.

Sauran hutun nan a gindin rumbu na ci. Geron da Inna ta ɓoye a tulu tun kaka saboda zuwana aka mayar da shi kunun yara. Wana ya bar mini kalme, na yi noma har hannuna ya fashe, yana gaba yana zagina cewa layina ya karkace. Mun ji yunwa, ba zan ɓoye ba, yunwa mai sa mutum ya ga duhu in ya miƙe tsaye. Na koma Abijan wandona na zamewa, ɗan Konni ya ce ashe an bar jari a rana. Amma a duk shekarun karatuna ban yi hutun da ya kai wannan ba.

Na ɗauka shi ke nan, na koma ɗan gida. Damina ta gaba ruwa ya sauka, rumbu ya samu abin da ya samu. Na gama karatu na zo da takardata, aka ba ni buro a Yamai. Ranar da na isa gida na tarar da kujera a ƙofar ɗaki, wannan karon ba ta aro ba ce, wana ya sa kafinta ya yi mini. Matarsa ta durƙusa ta ajiye kwano mai faifai. Na dubi wana, ya ce wancan ai lalura ce, Allah kada ya maimaita mana, yanzu da akwai ba za su bar ni a ƙasa ba.

Baba ya rasu bayan 'yan shekaru, gandu ya rabu, kowa ya koma ci da 'ya'yansa. Abokaina biyu sun samu abin da suka nema, ɗaya duwan ɗaya siminti, mun kuwa ci abinci a manyan wurare da cokula jere. Wana ya tsufa, idonsa ya yi rauni, har gobe Mushe yake ce mini. Akushin yana ɗakin matarsa, tana zuba wa kaji dusa a ciki.

Zuwana na ƙarshe na roƙe shi mu ci tare, ya yarda don ya ga na nace. Aka kawo tuwo a kwano ɗaya. Na miƙa hannu da gangan har gabansa, inda miya ta taru, na bar shi nan ina jira. Ya ji motsin hannuna. Sai ya janye nasa, ya juyo mini da kwanon, ya ce, "Bismilla, Mushe."